Bairas ɗin da ke kama fumfunar da ke kashe shuka: magani ne na gaske ko labarin lab ne kawai?

Ɗalibar Gona:
Assalamu alaikum 'yan guruf, don Allah masu ilimin cutar shuka ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. Wai ashe ita ma fumfunar da take kama shuka tana kashe ta, akwai bairas da yake kama ta ya sa mata ciwo har ta kasa cutar da shukar?? Kuma wai har an ceci bishiyoyi da shi a Turai. To idan haka ne me ya sa har yau ake ta feshin magani mai guba, me ya hana a kiwata bairas ɗin a ɗura a jarka a ba manoma kowa ya huta

Abu Lambu:
Wa'alaikumus salam. Bairas kuma? Abin da muke gudu a gona shi za a kawo mana da sunan magani? Ni dai duk bairas ɗin da na sani nannaɗe ganye yake yi ya hana shuka girma

Dokta Fangas:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Eh gaskiya ne abin da kika ji, ba ƙarya ba ne. Malam Abu wannan ba irin bairas ɗin da ka sani ba ne, shi a jikin fumfunar yake zama ba a jikin ganyen ba. Tun 1962 aka fara gano cewa fumfuna ma tana da nata bairas, wani masani a Ingila Michael Hollings ne ya gani a jikin naman kaza da ake nomawa don ci, wanda shi ma fumfuna ne, gonakin suna ta lalacewa ba a san dalili ba. Amma labarin da ya ɗaga sunan abin shi ne na bishiyar cesnot, wata babbar bishiya ce da ake cin 'ya'yanta ana kuma yin katako da ita.

A 1904 aka fara ganin cutar a gidan zu na Bronx a New York, fumfunar sunanta Cryphonectria parasitica, daga Asiya ta shigo a jikin dashe. Tana shiga ta rauni a ɓawon bishiya ta yi gyambo, gyambon ya yi ta faɗi har ya zagaye gangar jikin, da ya zagaye shikenan duk abin da ke sama ya bushe. Kafin shekara 50 ta cinye bishiyoyi kusan biliyan 4 a gabashin Amurka. Biliyan fa ba miliyan ba. A 1938 aka gan ta a Italiya kusa da Genoa kowa ya ce shikenan na Turai ma sun tafi, sai ga shi a farkon shekarun 1950 wani masani Antonio Biraghi ya lura akwai bishiyoyin da gyambonsu yake warkewa da kansa, ɓawon ya kumbura ya toshe ciwon bishiyar ta ci gaba da rayuwa. Daga baya a tsakiyar shekarun 1960 Jean Grente ɗan Faransa ya ciro fumfunar daga irin waɗannan gyambunan ya ga fara ce maimakon ruwan lemo, ba ta da ƙarfi, kuma abin mamakin in ka haɗa ta da mai ƙarfin sai mai ƙarfin ita ma ta koma fara ta raunana. Wato wani abu ne yake tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Shi ne bairas ɗin da yanzu ake kira CHV1

Ɗalibar Gona:
Ikon Allah. To Dokta ai kun ƙara ƙarfafa tambayata ne, tunda yana tsallakawa da kansa ai magana ta ƙare, a sake shi kawai

Tsohon Malamin Gona:
'Yata ki yi a hankali. Na daɗe ina jin irin waɗannan labaran, kowace shekara sai an zo da wani sabon abu an ce ya zo ya kori feshi, ƙarshenta a takarda yake tsayawa. Dokta ya faɗa miki na Turai amma bai faɗa miki na Amurka ba. Ai sun kwaso bairas ɗin sun kai can, shekara nawa yanzu, ina dajin cesnot ɗin da ya dawo? Babu. Abin da ya yi aiki a wuri guda a kan bishiya guda ba za ka kira shi magani ba, dace ne

Dokta Fangas:
Baba ba ɓoyewa na yi ba wallahi, can na nufa. Kuma kun yi gaskiya a Amurka bai yi abin da aka so ba, in ka cire wasu wurare a jihar Michigan da suke da nasu bairas ɗin na asali. Amma kalmar dace ɗin ce ban yarda da ita ba, domin an san dalilin da ya sa ya yi a can bai yi a nan ba, kuma dalilin shi ne amsar tambayar ƙanwarmu ta jarka.

Yawancin waɗannan bairas ɗin ba sa fita waje. Ba sa yawo a iska ko a ruwa, CHV1 ma ko ɓawon kariya ba shi da shi irin na sauran bairas, RNA ne kawai, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadonsa, a ƙunshe cikin ƙananan jakunkuna a cikin ƙwayar fumfunar. Hanyarsa biyu ce, ko ya bi ƙwayoyin irin da fumfunar take fitarwa, ko kuma, tunda jikin fumfuna siraran zare ne, zaren wannan fumfuna ya haɗu da zaren waccan su manne su zama ɗaya ruwan cikinsu ya gauraya sai ya bi ya wuce. To a nan gizo ke saƙar, ba kowace fumfuna ce take yarda ta manne da kowace ba ko da jinsinsu ɗaya. Kamar rukunin jini ne, in bai dace ba jiki ba ya karɓa. In zare biyu suka haɗu ƙwayoyin gadonsu na tantancewa suka saɓa sai ƙwayoyin da ke wurin haɗuwar su mutu nan take, hanya ta toshe, bairas ya tsaya. A wannan fumfunar an san wurare 6 a ƙwayoyin gadonta da ke wannan aiki, kowanne iri biyu ne, in kin lissafa rukuni 64 kenan. A wurare da yawa na Turai rukunai kaɗan ne suka mamaye daji don haka bairas ya samu hanya a buɗe, a gabashin Amurka kuwa daji guda sai ki samu rukunai barkatai, ka warkar da gyambo ɗaya na kusa da shi bai karɓa ba

Ɗan Lab:
Bari in sa baki a nan don wannan abin da ido ake ganinsa a farantin da muke renon fumfuna a lab. Ka yanko ɗan guntun farar fumfuna ka aje, ka yanko na mai ruwan lemo ka aje kusa da shi a gefen faranti ɗaya, ka rufe ka bar su. In rukuninsu ɗaya ne za su girma su haɗe ba ka ganin iyaka, sai bayan kwanaki ka ga gefen mai ruwan lemon da yake sabon tsirowa ya fara fitowa fari, daga wurin haɗuwar yake faɗaɗa ya yi gaba. In ba rukuni ɗaya ba ne kuwa sai ka ga layi ya fito a tsakaninsu sak, matattun ƙwayoyi ne, wani lokaci har da ɗigo-ɗigon iri a jere a kan layin, kowa ya tsaya a ɓangarensa. Duk wanda ya taɓa ganin layin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba, gani ya kori ji

Ɗan Lab:
Kuma ba wai sam ba ya wucewa ba ne in sun saɓa, in a wuri ɗaya suka saɓa yakan tsallaka wani lokaci, in saɓanin ya yi yawa ne yake wahala sosai

Maman Biyu:
Ni fa duk wannan bayanin ban ji wanda ya taɓo abin da ya dame ni ba. Mu da muka ga abin da korona ta yi wa duniya za a ce a riƙa kiwon bairas ana saki a daji da gona a kan abincin da yara za su ci? In ya canza ya koma kan mutum fa ko kan dabba? Wa zai kamo shi ya mayar kwalba? Don Allah a bar wa Allah halittarsa

Abu Lambu:
Hajiya kin faɗi abin da ke raina wlh

Dokta Fangas:
Hajiya tsoronki a kan hanya yake, bai kamata a yi wa mai irin wannan tambayar dariya ba. Amma ki duba, ba wani ne ya ƙera su ba, tun fil azal suna nan a jikin fumfuna iri-iri, har yis ɗin da ake kwaɓa fulawa da shi yana da nasa bairas, naman kaza ma haka, mutane sun daɗe suna ci. Kuma mafi yawansu ko ita fumfunar ba sa yi mata komai, zaune kawai suke shiru, kaɗan ne daga ciki suke raunana ta. Shi CHV1 a Turai ba mutum ne ya fara sakinsa ba, da kansa ya bazu kafin ma a san sunansa, abin da masana suka yi shi ne taimaka masa ya isa inda bai isa ba

Ɗan Lab:
Amma Dokta a faɗa mata ɗaya ɓangaren ma don kar ta ji daga baya ta ce an ɓoye mata. Tsakanin shuka da fumfuna katangar ba ta kai yadda ake zato da can ba. A 2017 an wallafa binciken da aka samu bairas ɗin shuka, wannan na kokwamba mai sa ganye dabbare-dabbare, zaune a cikin fumfunar Rhizoctonia solani da aka ciro daga dankalin turawa, kuma an nuna fumfunar tana iya ɗaukarsa daga shuka ta kuma mayar da shi. To ni a ganina tambayar mutum ba ita ce mai nauyi ba, mai nauyin ita ce wace fumfuna kuma zai kama bayan wadda aka nufa, don akwai fumfuna masu amfani a ƙasa da saiwar shuka ta dogara da su. Dole a gwada wannan kafin a saki komai

Dokta Fangas:
Ban musa ba ko kaɗan. Har ma in ƙara maka, akwai bairas ɗin da ƙara wa fumfuna mugunta yake yi maimakon ya rage. A Koriya an samu wani a jikin fumfunar da ke ruɓar da saiwar ginseng, wata shukar magani, mai ɗauke da shi ta fi wadda ba ta da shi cutarwa. A Jafan kuma akwai wanda yake hana fumfunar Alternaria girma a faranti amma ya sa ta ƙara fitar da gubar da take ƙona ganyen bishiyar fiya (pear, ba avocado ba) da ita. Ka ga wanda ya tsaya a faranti kawai zai ce ya samu magani alhali masifa ya samu. Shi ya sa ba a cewa bairas na fumfuna alheri ne a dunƙule, kowanne sai an bi shi shi kaɗai

Maman Biyu:
To ai kun ga ni. Ku da kanku kun ce akwai mai ƙara mugunta

Dokta Fangas:
Akwai Hajiya, amma ko mun taɓa ko ba mu taɓa ba yana nan a gonakin duniya, gara a san shi a san wanne ne wanne. Kuma a ɗaya hannun ki tuna feshin da ake yi yanzu shi ma ba ruwan sha ba ne, yana sauka a ƙasa da ruwa da jikin mai feshin, ga shi fumfuna da dama sun fara jure magungunan

Tsohon Malamin Gona:
Dokta na ji bayanin rukunai kuma na gamsu da shi, amma kana ɗora wa bairas ɗin yabon da ba nasa ba ne shi kaɗai. Ita cesnot ɗin Turai ai ta ɗan fi ta Amurka jure cutar tun asali, tana ba da lokaci. Ta Amurka kafin bairas ya iso gyambo ya riga ya zagaye ta. Sannan ka faɗa wa yaran nan yadda ake yin maganin a aikace, ba feshi ba ne. Mutum ne zai tsaya gaban bishiya ya huda ɓawon ramuka-ramuka a zagaye da bakin gyambon, ya cusa farar fumfunar a kowane rami ya liƙe, kuma sai an fara ɗaukar samfur an kai lab an gano rukunin da ke wurin an haɗa wadda ta dace da shi. Gyambo ɗaya-ɗaya fa. Wannan a gonar bishiyoyi masu daraja zai yiwu, amma ka gaya min yadda za a yi shi a hekta ɗari ta alkama ko shinkafa da wata huɗu ne rayuwarta gaba ɗaya

Dokta Fangas:
Baba wannan duk haka yake, ba ni da ja. Haka aka yi a Faransa a shekarun 1970, haka cibiyar binciken daji ta Suwizalan da ake kira WSL take yi a wuraren da bairas ɗin bai kai da kansa ba. Ba a nufin a bi kowace bishiya, ana shuka shi ne a wasu gyambuna a bar shi ya bazu.

Kuma akwai wani abu da ni a wurina shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya, mutane suna tsallake shi. Kowa yana neman bairas mafi zafi wanda zai kwantar da fumfuna warwas. To wanda ya kwantar da ita warwas ya kashe kansa, don fumfunar da ba ta girma ba ta fitar da iri ba za ta kai shi ko'ina ba. CHV1 yana da nau'i mai zafi da ake kira EP713, yana hana ta launi, yana rage mata iri sosai, yana hana ta haihuwa ta ɓangaren mace, gyambon da aka sa masa shi yana tsayawa cak, amma ba ya nisa. Akwai kuma mai sauƙi irin su Euro7, fumfunar tana ci gaba da girma a ɓawo tana fitar da iri daidai gwargwado amma ba ta nutsawa ta kashe bishiyar, kuma dangin wannan mai sauƙin ne suka mamaye yawancin Turai. Wato ba mai kisa ake nema ba, wanda zai bar ta da rai ta yi ta yawo da shi ake nema. Mai tunanin feshi ba ya gane wannan da wuri don shi ya saba ya fesa ya ga abu ya mutu

Ɗalibar Gona:
Wannan ya shige ni sosai Dokta. Amma tsaya, kun ce yana bin ƙwayoyin iri, to ai iska tana kwasar irin ta kai nesa, me ya sa bai bi iska ya cika Amurka ba

Dokta Fangas:
Tambaya mai kyau. Iri biyu take fitarwa. Akwai wanda take yi ita kaɗai ba tare da barbara ba, mai danƙo ne, ruwan sama da ƙwari da tsuntsaye ke ɗaukarsa, wannan bairas yana binsa. Akwai kuma na barbara wanda ake harbawa cikin iska ya yi nisa, wannan fes yake fita babu bairas a ciki. Kuma barbarar ce dai take cakuɗa ƙwayoyin gado ta haifar da sababbin rukunai. Kin ga duka biyu kenan, tana wanke 'ya'yanta daga cutar tana kuma ƙara katangu

Ɗan Lab:
Irin haka ya faru da cutar bishiyar elm a Turai. Wani masani Clive Brasier ya bi ta a Fotugal, a bakin gaba inda annobar take sabon shiga kusan rukuni guda ne kuma cike yake da bairas, amma cikin 'yan shekaru sai rukunai suka yi yawa bairas ɗin ya ja baya. Daga baya aka gano sabuwar fumfunar ta aro ƙwayoyin gadon tantancewa ne daga tsohuwar 'yar uwarta da ta tarar a wurin. Ita ma fa tana kare kanta, ba zama take a ci ta ba, har da wata hanya da take yanka RNA ɗin bairas gunduwa-gunduwa a cikin ƙwayarta, shi kuma CHV1 yana da furotin p29 da yake danne wannan kariyar

Tsohon Malamin Gona:
To kun dawo kan maganata. Ku da bakinku kun lissafo katanga kan katanga

Dokta Fangas:
Mun lissafo Baba amma ba a zauna an naɗe hannu ba. Tun 1992 wasu masana Choi da Donald Nuss suka kwafi bairas ɗin suka dasa shi a lafiyayyar fumfuna ta raunana, a nan aka tabbatar shi ne sanadi ba wani abu ba. A 2016 kuma Nuss da abokin aikinsa Zhang suka cire wasu daga ƙwayoyin gadon tantancewar nan suka samar da fumfunar da take iya miƙa bairas ga rukunai daban-daban, an gwada a daji a Amurka kuma ta fi ta da iya miƙa shi sosai.

Sai kuma amsar tambayarku ta shukar wata huɗu. Ku duba aikin da aka yi a Jami'ar Aikin Gona ta Huazhong da ke Wuhan a Chaina, ƙungiyar Daohong Jiang. Fumfunar ita ce Sclerotinia sclerotiorum, mai farin ruɓa, tana kama shuka sama da iri 400, wake, waken suya, kanola (shukar da ake matse man girki daga irinta), latas, karas, ga ta da wasu baƙaƙen dunƙule da take bari a ƙasa su yi shekaru suna jira. A 2010 suka sanar da wani bairas a jikinta, SsHADV-1, na DNA ne ba RNA ba, ɗan ƙarami ƙwarai zagayayye, dangi ne na nesa ga bairas ɗin da farin ƙuda ke yaɗawa a shuka. Wannan shi yana da ɓawo, kuma a 2013 suka nuna in ka tace shi ka shafa a kan fumfunar daga waje yana shiga, ba ruwansa da rukuni. A 2016 suka gano wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cin fumfuna yana ɗaukarsa ya kai wa wata. Sannan a 2020 suka fito da abin da ya fi ba ni mamaki, fumfunar da ke ɗauke da bairas ɗin tana shiga jikin kanola ta zauna ba ta cutar da ita, har ma ta tayar mata da garkuwar jiki. Suka fesa gutsattsarin zarenta a gona lokacin fure, ruɓar kara ta ragu da wajen kashi biyu cikin uku, amfanin ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100. Wannan feshi ne Baba, a gona, a kan shukar shekara

Abu Lambu:
Dakata Dokta, wato ita cutar da kanta aka fesa wa shukar??

Dokta Fangas:
Ita fa Malam Abu, amma wadda bairas ya riga ya karya

Abu Lambu:
To in bairas ɗin ya fita daga jikinta bayan na fesa fa? Na sayi cuta da kuɗina na watsa a gonata kenan

Ɗan Lab:
Wallahi Malam Abu tambayar da ka yi ita ce wadda duk mai aikin nan yake kwana da ita. Yana faruwa a faranti, wani lokaci sai ka ga wani yanki na fumfunar ya tsere wa bairas ya fito da ƙarfinsa yana gudu ya wuce sauran. Shi ya sa wasu suke ganin gara a fesa bairas ɗin zalla ba tare da fumfunar ba, sai dai tara shi da yawa da adana shi kar rana da zafi su lalata shi aiki ne babba. Kuma hukumomin da ke ba da lasisi ba za su sa hannu a saki cuta mai rai ba sai an nuna musu ba za ta juya ba

Tsohon Malamin Gona:
Na Chaina ɗin nan ban san da shi ba, kuma na yarda ya fi ƙarfin a kira shi labarin faranti. Amma gwaji a gonar jami'a daban, abin da manomi zai samu a hannunsa ya yi aiki a shekarar ruwa da shekarar fari daban. Ina nan a kan bakana har sai na ga haka

Maman Biyu:
Ni ma ban sauka daga nawa ba, amma na fi natsuwa da na ji ba ƙera shi aka yi ba. Wancan da aka cire wa ƙwayoyin gado dai ban yarda da shi ba sam

Ɗalibar Gona:
Dokta tambaya ta ƙarshe don Allah, ina tunanin in yi furojet ɗina a kan wannan. In mutum zai nemi cutar da wannan hanyar za ta fi dacewa da ita, me zai duba

Dokta Fangas:
Ki fara da fumfunar kafin bairas ɗin. Ki tambayi kanki rukunanta nawa ne a wurin, tana barbara ko ba ta yi, kuma shukar tana daɗewa har bairas ya samu lokacin bazuwa ko kuwa. Shi ya sa masana a Jafan suka mai da hankali kan Rosellinia necatrix mai ruɓar da saiwar tuffa da fiya, don a gona ɗaya sau da yawa fumfuna guda ce take bin ƙasa daga saiwa zuwa saiwa, kuma a 2009 suka bayyana wani bairas RnMBV1 da ke raunana ta sosai. Cutar ayaba ma da ake kira TR4 ki duba ta, kusan tsatso guda ce ta bazu daga Asiya zuwa Afirka zuwa Latin Amurka kuma ba a san ta da barbara ba, a ƙa'ida irin wadda ake so kenan, aikin shi ne samo bairas ɗin da zai raunana ta ya kuma iya bin ta a cikin ƙasa. In kuma hatsi ne ya fi jan hankalinki ki karanta kan FgV1 da aka samu a Koriya a jikin Fusarium graminearum, ba girma kawai yake rage mata ba har gubar da take zubawa a cikin ƙwayar alkama yana ragewa, wannan kuwa ya shafi lafiyar mai ci kai tsaye

Ɗan Lab:
Ƙanwata in ƙara miki na aikace. In kina ciro fumfuna daga shuka marar lafiya kar ki zubar da farantin da ya fito a karkace, mai jinkirin girma, mai baki cako-cako ko wanda launinsa ya koɗe. Yawancin ɗalibai su suke fara jefarwa su ce ya gurɓace, alhali a irinsu aka samo da yawa daga cikin waɗannan da Dokta ya lissafa. Ki ware su, ki shuka su a kan lafiyayyen ganye ko 'ya'yan itace gefe da gefe da mai ƙarfin ki auna faɗin ruɓar kowanne, sannan ki haɗa su a faranti ɗaya ki ga ko raunin yana tsallakawa. In ya tsallaka to kin samu dalilin neman a ciro miki RNA ɗin a duba

Ɗalibar Gona:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Dokta da Yaya Ɗan Lab da Baba duka. Yaya in na samu mai tsallakawar zan turo hoton farantin nan ku duba min kafin in kai wa malamina

Ɗan Lab:
Ki turo, amma ki ɗauka ta sama da ta ƙasan farantin duka, kuma ki aje wanda ba ki haɗa da komai ba a gefe don a samu abin kwatantawa